Man kariya daga rana a Maraɗi: wa ya kamata ya saya, wane iri, kuma me ba ya iyawa

Man kariya daga rana, wanda ake rubuta wa "crème solaire" ko "écran solaire" a jikin kwali, ya shigo farmasi da shagunan kayan shafa, kuma masu tallar kaya a WhatsApp suna ta yayata shi. Tambayar da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo suka fi yi a kansa ita ce: mu da Allah ya yi mu baƙaƙe, me za mu yi da shi? Tambaya ce mai kan gado, kuma amsarta ta danganta da fatar mai tambayar. Ga ɗalibi zabiya, wannan man magani ne na dole. Ga mai ƙurajen fuska da baƙin tabo, ko wadda ta taɓa shafa man bilicin, yana da amfani babba. Ga sauran jama'a kuwa, inuwa da malfa da riga mai dogon hannu ne a gaba, shi yana biye, kuma kada a yarda mai talla ya juya wannan jeri.

Abin da ke ɓata fata ba zafin da jiki ke ji ba ne. Wani haske ne da ido ba ya gani, ana kiransa UV, kuma iri biyu nasa ne ke iso mu. UVB shi ke ƙona saman fata, shi ke lalata ƙwayoyin halittar fata kai tsaye. UVA, wanda shi ne kusan kashi 95 cikin 100 na abin da ke sauka ƙasa, yana nutsawa can ciki, yana tsofar da fata, yana ƙara duhun tabo, yana kuma ratsa gilashin taga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara kare fata da zarar ma'aunin UV ya kai 3, kuma daga 11 zuwa sama an shiga mataki mafi tsanani. A nan ƙasar, tsakar rana a bazara takan kai wannan mataki na ƙarshe. Maraɗi na wajen digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka rana na tsayawa daidai tsakar ka sau biyu a shekara: ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Ta Afrilu kowa ya san da ita saboda zafin da ke wuce digiri 40. Ta Agusta ita ce ake sakaci da ita, don ana ganin hadari da sanyin damina, alhali gajimare marar kauri na iya barin har kashi 80 cikin 100 na UV ya wuce. A agogonmu rana na kaiwa tsaka ne wajen ƙarfe 12:30, kuma lokacin da ya fi haɗari shi ne daga 10 na safe zuwa 4 na yamma. Wanda ba ya son duba agogo ya dubi inuwarsa: in ta fi shi gajarta, hasken na da ƙarfi.

Baƙar fata tana da kariyarta. Wani bincike na 1979 ya ƙiyasta cewa kariyar da launin baƙar fata ke bayarwa ta kai kamar SPF 13 (SPF lamba ce da ke nuna ƙarfin kariyar man), ta farar fata kuwa kamar 3. Shi ya sa kansar fata da rana ke haddasawa ba ta yawaita a cikinmu kamar yadda ta yi a Ostareliya ko Turai ba. Babban gwajin da ya tabbatar da amfanin man ma a garin Nambour na Ostareliya aka yi shi, daga 1992 zuwa 1996, a kan mutum 1,621: masu shafawa kullum sun sami raguwar kansar da ake kira sikwamos da kusan kashi 40 cikin 100, kuma da aka ci gaba da bibiyarsu shekara goma, melanoma, wata kansar fata mai tsanani, ta kama mutum 11 a cikinsu, ta kama 22 a rukunin da ba a sa su shafa kullum ba. Fararen fata ne aka gwada. Ya kamata a faɗi wannan a fili, domin duk mai sayar da man da ya ce wa baƙin ɗalibi kansa na jiransa in bai saya ba, tsoratarwa yake yi don ciniki.

Amma ga zabiya wannan sakamako ya hau daidai, har ya wuce. Fatarsa ba ta da launin da ke tare hasken, ko kuma ɗan kaɗan ne ƙwarai, ga shi yana zaune a ƙarƙashin ranar Sahel. A Afirka kudu da Sahara ana ƙiyasta zabiya ɗaya cikin mutum 5,000 zuwa 15,000, kuma kansar fata na cikin manyan abubuwan da ke kashe su da ƙuruciya, da yawa kafin shekara 40. Abin yakan fara da wasu ƴan wurare masu kaushi a kunne, leɓen ƙasa, ƙeya, goshi ko bayan hannu, waɗanda ke ɓarewa su dawo. A wannan matakin likitan fata na iya daskarar da su da sinadari mai tsananin sanyi cikin ƴan mintoci. In an bar su, wasu kan zama miki mai ci. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man kariya daga rana cikin jerin muhimman magunguna, kuma halin da zabiya ke ciki ne babban dalili. Muna ganin ya dace asibitin jami'a da ƙungiyoyin ɗalibai su ɗauki wannan da gaske, su nema wa ƴan uwansu zabiya man a kai a kai, kada abin ya tsaya a jawabin ranar zabiya ta duniya, 13 ga Yuni ta kowace shekara.

Yanzu ga kayan kansu. Abu na farko da za a duba a kwali shi ne lambar SPF, ko FPS a rubutun Faransanci. Lambar tana magana ne a kan UVB kawai. SPF 15 na tare kusan kashi 93, SPF 30 kashi 97, SPF 50 kashi 98. Tazarar 30 da 50 kamar ba yawa, amma tunda kusan kowa na shafa ƙasa da yadda ya kamata, gara 50 ga wanda ke da hali, kuma ga zabiya 50+ ne kawai. Abu na biyu, wanda aka fi mantawa, shi ne kariyar UVA. A kayan Turai za a ga haruffan UVA cikin da'ira, ma'ana kariyar UVA ta kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na lambar SPF. A kayan Amurka ana rubuta "broad spectrum", a na Koriya da Japan PA da alamar ƙari, huɗu ita ce mafi ƙarfi. Man da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ko da an rubuta 100 a gabansa, a ajiye shi. Mai neman rage tabo, wannan alamar ta fi masa lambar SPF muhimmanci.

Iri na farko shi ne na ma'adini, mai ɗauke da "zinc oxide" ko "titanium dioxide". Ba ya cika sa ƙaiƙayi, ba ya cika yajin ido, hasken rana ba ya saurin lalata shi. Aibinsa ɗaya ne, kuma babba ne a wurinmu: yana barin fari-fari a fuska, baƙar fata ta koma kamar an barbaɗa mata toka. Ɗalibar da ta ga haka a madubi, ko ta rage yawan da take shafawa har ya zama ba shi da amfani, ko ta jefa shi cikin akwati. Don haka ba ma ba baƙin mutum shawarar sayen farin na ma'adini. Ga zabiya kuwa farin ba ya fitowa sosai, kuma rashin sa ƙaiƙayi ya dace da fatarsa, saboda haka shi ne zaɓi mai kyau gare shi.

Iri na biyu shi ne mai sinadaran da ke shanye hasken, irin su "avobenzone", "octocrylene", Tinosorb da Mexoryl. Yawancin kayan La Roche-Posay Anthelios, Bioderma Photoderm, Eucerin Sun da Nivea Sun na wannan rukuni ne. Waɗanda aka yi su tsararo, masu rubutun "fluide" ko "invisible", su suka fi dacewa da baƙar fata da kuma guminmu: suna shiga fata ba tare da fari ba, ba sa nauyi a ƙarƙashin hijabi. Abin lura biyu ne. Wasunsu na da barasar da ke sa su bushe da wuri, kuma a hunturu, lokacin da fata ke tsagewa, sukan yi zafi a fuska. Maganin haka a fara shafa mai na yau da kullum, a jira minti biyar, sannan a ɗora. Na biyu, in gumi ya gangaro da su cikin ido suna yaji sosai. A tsaya a kan ƙashin da ke kewaye da ido, sauran a bar wa tabarau.

Iri na uku, mai launi, wanda ake rubuta wa "teinté", shi ne ya fi ba mu sha'awa ga masu tabo. Launin nasa daga "iron oxide" yake, kuma wannan na tare hasken da ido ke gani, wanda bincike ya nuna yana ƙara duhun tabo a fata mai duhu, abin da sauran ire-iren ba sa tarewa sosai. Matsalarsa ita ce yawancin launukan da ake kawowa an haɗa su ne don farar fata. A gwada ɗigo a gefen muƙamuƙi, a fita waje a duba cikin hasken rana kafin a biya. Yana kuma ɓata bakin farin hijabi da wuyan riga.

Na fesawa ba mu ga amfaninsa a nan ba. Iska na kwashe rabi, ba a sanin yawan da ya sauka, kuma bai kamata a shaƙe shi ba. Hoda da man kwalliya masu rubutun SPF 15 su ma ba su isa ba, don ba mai shafa su da kaurin da lambar ke buƙata. Man kaɗe da basilin suna gyara fatar da hunturu ya busar, amma ba sa tare rana yadda za a dogara da su. Mafi muni shi ne man da aka haɗa masa alkawari biyu a kwali ɗaya, wai yana haska fata yana kuma kare ta. A guje shi gaba ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga bilicin, kuma ba don a kunyata kowa muke faɗa ba. Mayukan haska fata sukan ƙunshi "hydroquinone", ko magunguna masu ƙarfi irin "clobetasol" da "betamethasone", wasu har da sinadarin makuri. Na farko yana hana fata yin launin da ke kare ta, na biyu suna sirantar da ita. Fatar da aka yi wa haka in ta sha rana sai ta ƙone, kumatu da goshi da ƙeya su yi baƙi mai kaushi wanda ke da wuyar magani. Likitocin fata a Dakar sun ba da rahoton matan da kansar sikwamos ta kama a wuya da wuraren da rana ke duka bayan shekaru suna bilicin. Wadda ke cikin wannan hali tana buƙatar man kariya 50+ kowace safiya, tana kuma buƙatar likita ya taimaka mata ta daina a hankali, domin yanke masu "clobetasol" rana ɗaya yakan sa fuska ta yi ja, ta feso da ƙuraje, sai ta koma kan man. Haka masu shan "doxycycline" ko shafa "tretinoin" don ƙurajen fuska: waɗannan na sa fata saurin ƙonewa, su ma su shiga layin masu shafawa kullum.

Inda aka fi yin asarar kuɗi shi ne wajen shafawa. Lambar da ke kwali an auna ta ne da miligiram 2 a kowane murabba'in santimita na fata. A aikace, fuska da kunnuwa da wuya na cin kusan rabin ƙaramin cokalin shayi, wato mililita 2.5. Hanya mai sauƙi: a ja layin man a tsawon manuniya da ɗan yatsan tsakiya, wannan na fuska ne, a ƙara wani na wuya da kunnuwa. Kowane hannu daga kafaɗa zuwa yatsu ma kusan rabin cokali. Duk jikin babban mutum na cin mililita 30 zuwa 35, amma da irin suturarmu ba mai buƙatar haka. A shafa a busasshiyar fata minti 15 zuwa 20 kafin fita, kada a murje shi har ya ɓace, a shimfiɗa shi ne. Wuraren da ake tsallakewa su ne saman kunne, ƙeya, bayan hannu wanda ke kan kan babur, da saman ƙafa ga mai silifa. Zabiya ya ƙara da man leɓe mai SPF, domin leɓen ƙasa na cikin wuraren da ciwon ke fara kamawa.

Mai zama a rana ya sake shafawa duk bayan awa biyu, da kuma bayan gumi mai yawa ko goge fuska. Rubutun "résistant à l'eau" ba ya nufin ba ya fita. A ƙa'idar Amurka minti 40 ne ko 80. Sannan ga alwala, wadda ba a ambatarta a kwalin kowane kamfani: tana wanke fuska da hannuwa, daidai wuraren da aka shafa. Wanda ya shafa da safe ya yi alwalar azahar, ya ɗauka man ya tafi, kuma a lokacin rana na kan ƙarfinta. Tsarin da ya fi dacewa da ɗalibi shi ne sau ɗaya kafin fita lakca da safe, sau ɗaya bayan alwalar azahar in fata ta bushe. Bayan la'asar sai ga zabiya da wanda zai tafi filin ƙwallo. Mai kokwanto ko irin mai kauri na hana ruwa taɓa fata, ya wanke shi da sabulu kafin alwala, ya sake shafawa bayanta.

Daga nan lissafin kuɗi ya fito. Ƙaramar roba mai mililita 50 shafawa 20 ce in an yi daidai, wato kwana 10 ga mai yi sau biyu a rana. In ta kai wa mutum wata uku, ba ya shafa abin da zai kare shi. Babbar roba ta jiki mai mililita 200 shafawa 80 ce, kuma ba abin da ya hana a sa ta a fuska in ba ta tayar da ƙuraje. A raba farashi da yawan mililita kafin a zaɓa. Babbar roba SPF 30 ko 50 da za a shafa hannu sake ta fi ƙaramar mai tsada da ake lakata kamar turare, kuma ga ɗalibin da ke jiran kuɗin tallafin karatu wannan shi ne zaɓin da za mu nuna masa.

Wurin saye ma yana da muhimmanci fiye da sunan kamfani. Zafi na raba mai da ruwan da ke cikin man, sinadaran su daina bazuwa daidai. Robar da ta yini a kan tebur a rana a kasuwa, ko a ƙarƙashin kujerar babur, ba abin dogaro ba ce ko da ta asali ce. A saya a farmasi ko shagon da ke da sanyi, a ajiye a ɗaki nesa da taga, cikin jaka in za a fita. A duba ranar lalacewa da lambar rukunin kaya, su kasance an buga su sarai a roba da kwali kuma sun dace da juna. Hoton ɗan gwangwani buɗaɗɗe mai rubutun 12M na nufin wata 12 bayan buɗewa. Kayan da suka shigo ta Jibiya da Ɗan Isa, in an yi su don kasuwar Najeriya, a nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta can. In an matsa sai ruwa ya fara fitowa kafin man, ko ya yi gudaji, ko warinsa ya canza, ya lalace. Farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na farmasi a kan suna iri ɗaya alamar jabu ce.

Duk da wannan, ɗalibin aikin gona da ke yini a fadamar Gulbi ko gonakin Jiratawa, da na gine-gine da ke koyon aiki a wurin gini, ba man ne zai fara ceton su ba. Malfa mai faɗin baki, aƙalla santimita 7 zuwa 8, tana rufe fuska da kunne da ƙeya, ba a sake shafa ta, alwala ba ta wanke ta. Hular hana-salla ba ta rufe kunne da ƙeya, hular ƙube kuwa ba ta ba fuska inuwa ko kaɗan. A ɗaga yadi a kalli haske ta cikinsa: in ana ganin rana sosai, UV ma na wucewa. Yadi mai matsattsen saƙa da launi mai duhu ya fi farin shara-shara karewa, kuma rigar da ta jiƙe da gumi kariyarta na raguwa. Tabarau mai rubutun UV400 na rage haɗarin yanar ido. Baƙin gilashi marar wannan kariya cutarwa yake, don yana sa ƙwayar ido ta buɗe hasken ya ƙara shiga. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da Hukumar Lafiya sun ƙiyasta cewa a 2019 aiki a rana ya jawo mutuwar kusan mutum 19,000 ta hanyar kansar fata, don haka malaman da ke tsara aikin fili su ma suna da hannu: a fita da sassafe, a dawo inuwa kafin 11.

Akwai kuma abin da babu man da ke hanawa, kuma shi ya fi shafar baƙar fata. Melanomar da ta fi kama mu tana fitowa ne a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, wuraren da rana ba ta gani. Kansar sikwamos kuma a cikinmu takan taso daga tsohon tabon ƙuna ko gyambon da ya shekara bai warke ba. Saboda ana ɗauka kansar fata ta Turawa ce, akan iso asibiti a makare, bayan an sha shafe-shafe da sakiya. Sau ɗaya a wata, bayan wanka, a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu da farata. Baƙin tabon da ke faɗaɗa, ko gefensa ba daidai ba, ko launinsa ya haɗu kala-kala, ko ya wuce milimita 6. Baƙin layi a farce ɗaya da ke ƙara faɗi yana malalowa kan fatar gefe. Mikin da ya wuce wata guda bai rufe ba ko yake zubar da jini. Tsohon tabon da ya fara fashewa: kowanne daga ciki a kai shi babban asibiti a nemi likitan fata, kada a yanke, kada a ƙona. Abin da ke tabbatar da ciwon shi ne a ɗebi ɗan yanki a auna, kuma in an kama shi da wuri ƙaramar tiyata ce ke raba mutum da shi. In ya yi nisa sai an dangana da Yamai, inda cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa ta fara gashin haske, wato kashe kansa da haske mai ƙarfi, a 2021. Zabiya kuwa kada ya jira ganin alama, ya riƙa kai fatarsa a duba masa duk wata shida.